Wayar da Muka Ja Zuwa Ɗakin Inna

Ni tela ne. A kan keken ɗinki na ƙarar da ƙuruciyata, a kansa kuma bayana ya lalace. Boko ban yi nisa ba, don haka mai son zance mai ado ya nemi wani. Abin da zan ba da labarin wata waya ce da muka ja a Boɗinga, daga zauren maƙwabcinmu zuwa ɗakin mahaifiyata, a shekarun da siyasa ta watse, soja suka karɓa, sabulu ma sai an bi layi.

Mu biyu ne maza a wurin Inna. Yaya shi ne ɗan fari, ni ne auta, matan da ke tsakaninmu duk suna gidajen mazajensu. Yaya manomin albasa ne a fadama wajen Kajiji, ƙasar Shagari, inda aka haife mu. Ni na taho Boɗinga koyon ɗinki na zauna, da Baba ya rasu kuma na ɗauko Inna ta dawo wurina.

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. In zancensa ya kama dole, sai ta ce mutumin fadama. In ya zo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta karkata fuska wajen bango, ta amsa a gajarce kamar wadda ake tambaya haraji. Haka matan zamaninsu suke da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a kallonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Kunya ce, kuma abin yabo ce a wurinsu. Ni kuwa auta, har na tara gemu tana ɓoye mini ƙanzo a ƙwarya.

A ranin ƙarshe kafin soja su zo, 'yan talbijin suka je fadama suna ɗaukar manoma. Ranar kasuwa Yaya ya shigo shagona yana dariya, ya zauna a kan buhun ƙyallaye.

"Sun tsai da ni gaban rudu," in ji shi, "sunka kawo wani abu awa taɓarya sunka kai min ga baki, wai in yi magana."

Rudu shi ne rumbun kara da ake jibge albasa a ciki kada ta ruɓe.

Na ce, "To mi kac ce musu?"

"Mi zan ce? Nic ce taki ba ya isowa gare mu. In sun nuna ni ka duba min ko rigag ga taka ta yi min kyau."

Bai ga an nuna shi ba. Ruwan farko na sauka zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin mu yi shawarar kai shi asibiti ya cika. Da na shiga na gaya wa Inna, tana tsince wake a faifai. Ta ce, "Allah shi jiƙan musulmi." Ta ci gaba da tsinta. Mata suka cika gida da kuka, ita ke ba su haƙuri.

Yaya bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ba shi da ko na katin banza. Da aka share makoki abin ya tsaya mini a rai: fuskarsa tana can cikin wani akwati a birni, wata rana za a nuna ta sau ɗaya, ta wuce, shi ke nan. Inna kuwa, da ta ƙi kallonsa yana da rai, ina so ta gan shi ko sau ɗaya ne da idonta.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Alhaji, ɗan kasuwar hatsi. Lokacin da kuɗi ke da daraja ya dawo daga Makka da talbijin mai kala da bidiyo. Bidiyon nan wani ƙato ne kamar akwatin ƙarfe, ta sama yake buɗe baki a sa masa kaset. A zaure ya aje su, ya kafa eriya a kan dogon ƙarfe, maza na taruwa bayan la'asar. Kaset ɗinsa kaɗan ne, wasu na Indiya da ɗaya na kokawar Turawa, wanda aka kalla har kowa ya san wanda zai kā da wani. Alhaji kansa bai san injin na iya ɗaukar abin da ake nunawa a talbijin ba. Wanda ya sani mai rediyo ne, tsarana, wanda shagon gyaransa ke jikin nawa. Shi na kai wa kukana.

"Ɗauka ba wuya," in ji shi. "Maɓalli biyu na, ka danna su tare. Kaset dai za ka nemo wanda ba komi ciki."

Na hau mota na je Sakkwato. Na zaga masu kayan wuta duka. Wani ya ce mini, "Malam, madara muka nema ba mu samu ba, kai kaset kaka nema?" Na dawo hannu biyu.

Sai muka je wa Alhaji tare. Mai rediyo ya yi bayani cewa ana iya ɗora sabon abu a kan tsohon kaset, na da ya goge. Alhaji ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Wane za ku goge?"

"Na kokawa, Alhaji."

"Don mi ba na Indiya ba?"

"Alhaji, in munka taɓa na Indiya mutanen cikin gidanka ba su barinmu da rai."

Ya yi tsaki, ya tashi ya ɗauko kaset ɗin, ya riƙe shi ɗan lokaci. "Tela, yayanka ya taɓa kawo min albasa buhu guda, ban roƙa ba. Ungo. Amma in kunka ɓata min inji, ku biyu za ni kai ga alƙali."

Akwai wani ɗan rami a gefen kaset wanda in yana buɗe inji ba ya yarda ya ɗauka. Mai rediyo ya aike ni kemis na sayo filasta, irin ta ciwo, ya toshe ramin da ita.

Shirin manoma sau ɗaya ake yi a mako, tsakanin la'asar da magariba. Ba wanda ya san abin da za a nuna sai an fara, don haka ana buga kiɗan farko nake danna maɓallan nan biyu. Ranar nakan rufe shago da wuri, ko da ɗinkin wa ke kan keke. Wani makon kaji za a nuna, wani makon allurar shanu, wani makon wani mai farar riga yana bayanin auduga da Hausar da ba ta zauna ba. Wani makon kuma ba wuta, mu zauna muna kallon baƙin gilashi, ina cewa wataƙila yau ne aka nuna. In an gama sai in mayar da kaset baya in jira wani mako. Wata rana Alhaji ya sa kaset ɗin don ya ga abin da ya rage masa, ya tarar da zakaru.

"Tela, ka cinye min ƙatta ka bar min kaji!"

Damina ta wuce, aka yi girbi, har na fara jin kunyar shiga zauren. Sai wata rana, bayan kiɗa, ga fadama. Na gane ta tun kafin a faɗa, ga giginyar nan biyu da ke bakin rijiyarmu. Aka nuna wani dattijo, aka nuna mai ban ruwa da jigo. Sai ga Yaya tsaye gaban rudu cikin shuɗiyar rigar da na ɗinka masa, yana sosa ƙeya, yana kallon taɓaryar nan kamar za ta cije shi. Ya ce albasa ta yi kyau bana, alhamdu lillahi, ya ce taki ba ya isowa gare su, ya ɗaga wata ƙatuwa ya nuna, ya yi dariya. Duka abin bai kai a sha kofin shayi ba.

Ana gamawa mai rediyo ya zare kaset ya ɓamɓare filastar ya jefar. "Yanzu ko mahaukaci ba shi goge shi."

Muka sa rana. Matar Yaya ta riga ta fita takaba, ta taho daga Kajiji, yayyena mata suka zo. Muka ɗauko talbijin da bidiyon Alhaji niƙi-niƙi muka kawo tsakar gidanmu, muka aje ƙarƙashin rumfa don hasken rana. Matan unguwa suka cika gidan. Kowa ya zauna, ban da Inna. Tana ɗaki, asabari a sake.

Na je bakin ƙofa na durƙusa. "Inna, ki taho, an aza."

"In ga mi?"

"Shirin manoma na, Inna."

"Ni ban san albasa ba? Ku kalla."

Raina ya ɓaci. Na rage murya na ce, "Inna, ya riga ya rasu hwa. Wa za ya ce miki wani abu?"

"Auta, tashi ka ba ni wuri."

Na tashi. Aka kunna, mata suka yi ta kuka, matar Yaya ta rufe kai da mayafi. Aka ce a sake, na sake. Ni dai ban ga komai ba, haushi ya rufe mini ido. Na ɗauka mutuwa tana kawar da kunyar nan. Watanni ina rufe shago saboda ita, ta ce ita ta san albasa.

Da mutane suka watse muka mayar da kaya, na zauna na ƙi cin tuwo. Matata ta zauna gefe tana kallona.

"Kai dai fushi ka iya," in ji ta. "Ka ga ƙahwahunta?"

"Ƙahwahun wa?"

"Na Inna. Ƙarƙashin asabari. Tun da anka kunna tana tsaye har anka kashe, ita da ba ta iya tsayuwar salla sai zaune. Kai kuwa ka juya ma ɗakinta bayan akwatin. Murya kaɗai taj ji."

Na jawo kwanon.

Washegari na gaya wa mai rediyo. Na ce to mu kai mata injin ɗaki kawai. Kafin ya amsa ni da kaina na ga ba zai yiwu ba. Inna ba za ta taɓa maɓalli ba, dole wani ya tsaya ya danna, in kuwa da mutum a ɗakin bango za ta kalla. Ko da an danna an fita, unguwa duka ta ga an shiga ɗakinta da kayan Alhaji, kowa ya san dalili. Wannan ma ya isa ta ce a fitar.

Mai rediyo ya ci gaba da hura ƙarfen dalmarsa, can ya ce, "To kada inji shi motsa. Hoton za mu kai mata."

"Cikin kwano?"

"Cikin waya, wawa. Wayar da ka hita bayan bidiyo ta shiga talbijin, raba ta za mu yi biyu. Reshe guda shi tsaya zaure, guda shi ƙetare katanga. Abin da kunka kunna can, shi za ta gani nan."

Yana da wani ƙaramin talbijin baƙi da fari a ƙarƙashin tebur, wanda mai shi ya kawo gyara ya bar garin bai waiwaye shi ba. Ya kakkaɓe shi ya tayar da shi. Waya ce ta ba mu wuya, don sabuwa ba ta samuwa. Gutsattsari muka tara: wani daga shagonsa, wani daga tsohuwar eriyar wani malamin makaranta, wani baƙi wani fari. Shi yana haɗawa da dalma, ni ina naɗe gaɓoɓin da robar tayar keke.

Muka jira har Inna ta tafi Sifawa wurin yayata da ta haihu. Ranar muka huda ƙasan tagar zauren Alhaji, muka bi jikin katanga, muka ƙetara ta saman bayan rumbu, muka sauko tsakar gida. Kafin mu kai ɗakin akuyarmu ta tauna wani wuri. Muka sake haɗawa, muka samo tsohon tiyo muka zura wayar a ciki, na haƙa ƙasa na binne. Ta 'yar tagar ɗakin Inna muka shigar da ita, tare da wayar wuta daga ɗakina.

Gwaji kuwa sai da unguwa ta ji. Mai rediyo yana ɗaki yana murɗa maɓalli, ni ina zaure, matata tana tsakiya tana isar da magana ta kan katanga.

"Ya ce ka kunna!"

"Na kunna!"

"Ya ce yayyahi kaɗai shika gani!"

"Ce mishi idonai na!"

Aka yi ta yi. Ashe wata gaɓa ce ta saki a cikin tiyo, sai da na sake tonewa. Da hoto ya zo bai yi kyau kamar na zaure ba, ba kala, da ɗan yayyafi a kai. Amma na shiga na duba. Yaya ne, ko daga ƙofa ka tsaya ka san shi ne.

Inna ta dawo ta tarar da akwati a kan tsohon turmi, an rufe shi da ƙyalle.

"Wanga mi na?"

"Don karatun malamai na, Inna. Azumi ya matso, ga shi ba ki iya zuwa wurin tafsiri."

"Ya ci min wuri."

Ba ta ce a fitar ba.

Ga yadda muka riƙa yi. Bayan la'asar matata ta shiga ta kunna, ta sako asabari, ta kwashe yara su koma can wajen murhu. Ni ina zaure. In an gama karatun da ake buɗe tasha da shi, sai in tura kaset. Yaya ya fito ya yi maganarsa ya ɗaga albasarsa. In ya gama in cire, a koma shirin gidan talbijin kamar ba a yi komai ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne, waya ɗaya ce. Abin da Inna ke gani, dole mutanen zaure su gani. Kullum sai sun kalli Yaya. Da farko ana yi masa addu'a. Daga baya aka haddace maganarsa, kafin ya buɗe baki wani ya riga shi: "Taki ba ya isowa gare mu!" Wani mahauci ya ce, "Tela, albasag ga ba ta ruɓa ba har yanzu?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma ranar da wani ya ce don Allah a sa na Indiya an gaji, Alhaji ya juyo.

"Zauren wa na?"

"Naka na, Alhaji."

"To wanda yag gaji ga ƙohwa."

Alhaji bai taɓa tambayata don wa nake sawa ba. Ya ga wayar da ta fita ta tagarsa, ya san inda ta nufa. Su ma sauran sun sani. Ba wanda ya furta, har matansu.

Daga ɗakin Inna kuwa shiru. Kwanaki suna tafiya, in shiga gaishe ta da safe, ta yi zancen ciwon gwiwa, ta yi zancen tsadar gero, ta ce malamin jiya yana da murya. Ko kalma ɗaya a kan shirin manoma babu. Na fara tunanin ko da ya fito take juya wa akwatin baya, ko ƙyalle take rufa masa. Na ce wa matata ta ɗan leƙa ta gefen asabari.

"Ni? In leƙa surukuwata? Kai ka leƙa, ai uwarka ta."

Ni ma ban iya ba.

Kaset kuma ya fara gajiya. Wani farin layi ya fito a sama yana rawa, wani lokaci ya sauko har kan hular Yaya. Mai rediyo ya buɗe murfin ya duba zaren, ya girgiza kai.

"Wuri guda kaka ci kullum. In kac ci gaba, wata rana inji za ya tauna shi, ba ka da Yaya ba ka da kokawa. Ka tabbata tana kallo ma?"

Ban tabbata ba. Na yi ta juya abin a kan keke har na ɗinka hannun riga a baibai. Matar Yaya tana da 'ya'ya ƙanana da ba za su tuna fuskar ubansu ba, kaset ɗin nasu ne su ma. In Inna bango take kallo, ina ƙarar musu da shi a banza ke nan. Na yanke cewa ranar zan sa na ƙarshe, in naɗe shi a ƙyalle in sa a adaka.

Na tura kaset. Giginya ta fito, dattijon ya wuce, mai jigo ya wuce. Yaya ya sosa ƙeya, ya ce albasa ta yi kyau bana, ya buɗe baki zai ci gaba, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Mutanen zaure suka yi tsaki suka fara neman takalma. Na zauna ina jira ko za a dawo da ita, har aka kusa kiran magariba ba a dawo ba. Kaset ma ya maƙale a ciki, sai da wuta injin ke buɗe baki.

Na shiga gida. Ina wucewa ta ƙofar ɗakinta na ji ta ce, "Auta."

Na ɗaga asabari na durƙusa. Tana zaune a bakin gado, ba inda ta saba zama ba. Ta jawo turmin da akwatin ke kai har gabanta, gwiwarta na taɓa shi. Yadda ta ja shi ita kaɗai da wannan ƙafa, ban sani ba.

"Wutag ga ba ta dawowa yau?"

"Da wuya, Inna. Sai dai gobe."

Ta gyara ɗankwali. Tana kallon baƙin gilashin, ba ni ba.

"An yanke zancen taki," ta ce. "Ban ji ƙarshenai ba."

"In an kawo gobe sai a ƙarasa, Inna."

"A'a. Ka hwaro daga hwarko."

Na ce to.